Kakar Formula 1 ta 1976: Maki Ɗaya Tak

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen injiniya, akwai darasi a gasar tseren motoci ta Formula 1 ta shekarar 1976. Tsere 16 aka yi, kuma mutum biyu ne suka ja daga: Niki Lauda ɗan Ostiriya mai tuƙa Ferrari, da James Hunt ɗan Ingila mai tuƙa McLaren.

Lauda ne ke kan gaba har aka je filin Nürburgring a Jamus. Zagaye ɗaya a wannan fili ya haura kilomita 22, ga daji ga kwanoni barkatai. Lauda ya ce 'yan kwana-kwana da likitoci ba za su wadaci hanya mai wannan tsawo ba, don haka a fasa. Direbobi suka kaɗa ƙuri'a, aka rinjaye shi.

Ranar 1 ga Agusta, motarsa ta ƙwace, ta daki shinge, ta kama da wuta. Direbobi 'yan uwansa ne suka tsaya suka zaro shi. Ya ƙone a kai da fuska, hayaƙi mai guba ya yi wa huhunsa illa. Amma tsere biyu kacal ya rasa. Bayan mako shida sai ga shi a Monza ta Italiya, ya zo na huɗu.

Tseren ƙarshe a Fuji ta Japan aka yi, ranar 24 ga Oktoba. Lauda na da maki 68, Hunt na da 65. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, direba ba ya ganin gabansa. Bayan zagaye biyu Lauda ya ajiye mota da kansa. Hunt ya zo na uku, ya samu maki 4, ya ɗauke kambu da 69.

To, wa ya yi asara? Lauda ya rasa kambu da maki ɗaya, amma ya tsira da ransa, ya sake lashe gasar a 1977 da 1984. Tsohuwar hanyar Nürburgring kuwa, Formula 1 ba ta sake komawa kanta ba.

Kun ga dai, rinjayen ƙuri'a ba ya gyara inji ko hanya. In an tura ka SIWES ka ga waya a tsirara ko inji babu murfi, ka faɗa, ko da kai kaɗai ne. In aka ƙi ji, ka janye hannunka.