Israfin Ruwa Da Halakar Dogon Kaktus

Wani attajiri, wanda zan sakaya sunansa don kiyaye alfarma, ya sayi dogon kaktus a lambuna, irin Cereus ɗin nan da asalinsa Amurka ta Kudu ne, wanda na rena tun yana ɗan yanki har ya zarce ƙofar zaure tsawo, ya soma fid da farin furensa mai buɗewa cikin dare. Na yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ya ji. Da aka kai shi gida sai aka dasa shi cikin tukunyar siminti marar huji a gindi, aka cika ta da laka da ɗanyen kashin shanu, kana aka umarci yaron gida da ban ruwa safe da yamma, alhali kuwa watan Agusta ne, sama na zuba ba dare ba rana. Da gindin ya fara yin rawaya, maimakon a aiko mini, sai aka ɗauko wani mai da'awar sanin furanni, ya duba, ya yanke fatawa wai yunwa ce, ya antaya masa takin zamani. Subhanallahi! Wannan shi ne jahilci murakkabi.

Ran da na je, na danna gindin da yatsa, ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ga ɗoyi. Na sa wuƙa mai tsabta na yi ta datsewa ina hawa, har na isa inda tsokar ba ta da ɗigon baƙi ko ɗaya, abin da ya tsira kuwa bai kai sulusin tsawonsa ba. Shi na jingine a inuwa har bakin yankan ya bushe ƙayau, sa'an nan aka kafa shi cikin rairayi da tsakuwa, ba a ba shi ko ɗigo ba.

To, jama'a, a ji. Kada a dasa a tukunya marar huji. Kada a ba da ruwa sai ƙasar ta bushe har can ciki. Da damina a janye shi ƙarƙashin rumfa. Halitta ce da Allah Ya hore wa taskace ruwa a jikinta, ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Mai gaggawa kuma ya nemi wata shuka, domin ɗan'uwan wannan, saguwaro na hamadar Sonora, yakan yi shekara 50 ko fiye kafin ya fid da reshe. Huji dai, na sake faɗa, huji.

Akwai kuma ha'incin masu sayar da ƙyarana, wadda mutanen Filato ke shinge da ita, da sunan kaktus, don jahilci ko don kwaɗayi, Allah Shi ne masani. A ɗan karce jikin: in farin nono ya fito, ƙyarana ce ko tinya, nonon nan kuwa yana ƙona fata, yana cutar da ido ƙwarai. A nisanta ta daga wurin wasan yara, in kuma ya faɗa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.