HATTARA DA BANGON MURHU LOKACIN GYARAN GIDA

A cikin garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, da kuma Jimeta da ke bakin kogin Binuwai, akan sami tsofaffin gidaje da gidajen burodi masu murhun jan bulo, da bututun hayaƙi wanda ya ratsa rufi ya fita sama. Sau da yawa maigida yakan so ya faɗaɗa madafa, ko kuwa ya haƙa alkuki a gefen murhu domin ajiye tukwane. Niyyar mai kyau ce, amma aikin yana iya jawo hasarar rai.

Inda haɗarin yake

An yi wa bangon murhu kauri ne saboda shi ke ɗauke da nauyin bututun, wani lokaci har da azara ko katakon rufi. Idan aka fasa ƙasansa aka bar na sama, nauyin nan ba shi da mazauni. Ginin yana iya tsayawa makonni kamar ba kome, sa'an nan ya rufto wa iyali ba zato. Haka kuma in alkuki ya yi zurfi har ya kai ga hanyar hayaƙi, iskar guba marar wari wadda gawayi ke fitarwa za ta riƙa shiga ɗaki, tana kuwa kashe mutum yana barci.

Mazauna Jimeta da Yola suna da ƙarin dalilin kula. Ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, ta jiƙa harsashin gidaje da yawa, kuma bangon da ya sha ruwa ƙarfinsa yakan ragu.

Ƙa'idodin aiki

1. Kafin a ɗaga guduma, a nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970, ya duba abin da bangon ke ɗauke da shi. A kuma nemi iznin hukumar tsara birane ta jiha.
2. A yi aikin da rani, domin ruwan damina yana sassauta ƙasa da gini.
3. A kashe wutar lantarki, a fitar da yara da mata daga sashen.
4. A kafa tokara mai ƙarfi ƙarƙashin rufi tun kafin a zare bulo ko ɗaya.
5. Idan za a kawar da murhun gaba ɗaya, a fara daga kan bututun, a sauko sahu-sahu. Kada a fara daga ƙasa.
6. Duk inda aka buɗe bango, a aza linta ta kankare da rodi, ta zauna aƙalla inci 6 a kowane gefe.
7. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. A riƙa ba shi ruwa, kada a cire tokara sai injiniya ya yarda.
8. Birkila da leburori su rufe hanci da baki saboda ƙura da kunkunniya.

Idan an gama, a hura 'yar wuta a murhun, a duba ko hayaƙi yana tsiyaya ta wata kafa. In an ga haka, ko an ga sabuwar tsaga a bango, a bar amfani da ɗakin, a koma wurin injiniya nan da nan. Ladan duba gini kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin sake rufi, balle ran ɗan Adam.