Daga Igiyar Rama Zuwa Ɓawon Kalwa: Aikin Sarƙar Sukari a Jikin Tsirrai

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram bayan kaka zai tarar da igiyar rama, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kalwa a kwano. A ido babu abin da ya haɗa su: igiya ƙarfi, kuka yauƙi, kalwa kuwa tauri kamar tsakuwa. Amma a ilimin halittu, dangi ɗaya ne na sinadarai ya ba kowannensu halinsa. Masana suna kiran wannan dangi folisakarayid, wato doguwar sarƙa ta ƙwayoyin sukari. Sanin sarƙar nan yana da amfani har ga manomin da ya shuka ɗorawa ta ƙi fitowa.

Bangon ƙwayar halitta

A shekarar 1665, Robert Hooke na ƙasar Ingila ya duba ɓawon wani itace da madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Bangayen ƙwayoyin halitta ya gani. Kowace ƙwayar halittar tsiro tana da bango, ta dabba kuwa ba ta da shi.

Ana iya kwatanta wannan bango da katangar ƙasa. Selulos, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya tace a 1838, shi ne kamar ramnon da ake zuba wa ƙasa don kada katanga ta tsage. Sarƙoƙinsa miƙaƙƙu ne, kowace tana da dubban ƙwayoyin gulukos, suna kwanciya gefe da gefe su zama zare mai ƙarfi. Irin wannan zare ne ya cika ɓawon rama. Hemiselulos yana ɗaure zaruruwan da juna. Fektin kuma shi ne kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ke cike tsakani, yana manne ƙwaya da maƙwabciyarta. Idan mangwaro ya nuna, fektin ɗinsa ne ke warwarewa, shi ya sa yake laushi.

Abin lura a nan shi ne, sitaci da selulos duk da gulukos aka gina su. Salon ƙullin da ke tsakanin ƙwayoyin ne ya bambanta. Cikin ɗan Adam yana iya kwance ƙullin sitaci, amma ba ya iya kwance na selulos. Don haka tsabar gero ta zama abinci, kara ya zama danga. Saniya tana cin karan ne da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbinta.

Yauƙin kuka da kuɓewa da karkashi kuwa daga sarƙoƙi masu rassa yake, dangin fektin. Rassan suna hana su kwanciya su zama zare, sai su kama ruwa su riƙe.

Rigar iri

Tsiro yana ɗinka wa irinsa riga da waɗannan sinadarai, gwargwadon bukata. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda da ta tsawaita daga fatar gurya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasa selulos ne. Irin lafsur kuwa, da an jiƙa shi sai ya lulluɓe kansa da yauƙi cikin mintoci kaɗan. Wannan yauƙi yana manne shi da ƙasa, yana kuma riƙe masa danshi.

Kalwa da 'ya'yan bagaruwa sun bi wata hanya dabam. Ƙwayoyin halittar ɓawonsu suna tsaye a matse, bangayensu sun yi kauri, ga wani abu mai kama da kakin zuma da ke hana ruwa shiga. Masu yin daddawa sun san haka, domin sai sun shafe sa'o'i masu yawa suna dafa kalwa kafin ɓawon ya saki. A daji, taurin nan kariya ce: yayyafin farko ba ya ruɗin iri ya tsiro ya mutu. Sai zafin rana, ko tumbin akuya, ya raunana ɓawon sannan ruwa ya sami ƙofa.

Kammalawa

Ɗorawa itace ne mai daraja a gonakin kudancin Jigawa, kuma tsohuwar da ta faɗi tana bukatar magajiya. Mai son reno ya zaɓi ɗanyar kalwa mai kyau, ya ɗan kankare gefen ɓawon da wuƙa ba tare da ya taɓa tsabar ba. Ko kuma ya sauke tafasasshen ruwa daga wuta, ya bari ya ɗan huce, ya zuba irin a ciki ya kwana. Wanda ya kumbura ya sha ruwa ke nan, sai a shuka shi nan da nan.