Ranakun Nishaɗi a Farkon Shekarar Karatu: Abin da Malamin Hausa Zai Ɗauka da Abin da Zai Bari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji a makon farko bayan dogon hutu ya san irin wahalar da ke ciki. Yara sun dawo, amma hankalinsu yana can gona, ko kasuwa, ko gidan kakanni. Yaron da ya tafi hutu a watan Yuli yana haɗa baƙi da wasali ba gargada, sai a same shi a watan Satumba yana i'ina a kan kalmar da ya daɗe da sani. In malami bai yi dabara ba, makonni biyu ko uku za su wuce a wajen tsawa da tuni, kuma yaron da aka bari baya a wannan lokaci da wuya ya cim ma 'yan'uwansa kafin ƙarshen zango.

Malaman firamare na Amurka suna da wata dabara da suke yi wa wannan matsala, watau ɗora darussan makonnin farko a kan wasu ranaku na nishaɗi da ke faɗowa a watannin Agusta da Satumba. Manufar wannan maƙala ita ce a duba asalin waɗannan ranaku da yadda ake aiki da su a can, sa'an nan a auna abin da zai yi wa malamin Hausa amfani daga cikinsu.

2.0 Asalin Ranakun da Ire-irensu

A Amurka ana rufe makarantu daga ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, a koma a watan Agusta ko farkon Satumba, watau ƙarshen lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da markar ƙasar Hausa. Jihohin kudu sukan riga komawa, wasu na arewa maso gabas kuwa sai bayan Ranar Ma'aikata. Ranakun da ke cikin wannan tsakani ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda doka ta kafa. Ranar Ma'aikata, wadda ke faɗowa Litinin ta farko a watan Satumba, ta zama ranar hutu ta ƙasa tun 1894. Haka nan wata doka ta 2004 ta wajabta wa makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya su koyar da wani abu game da tsarin mulkin ƙasar a ranar 17 ga Satumba. Kashi na biyu su ne na hukumomin duniya, kamar Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, 8 ga Satumba, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 1966, aka fara bikinta a 1967. Kashi na uku, wanda ya fi yawa, su ne waɗanda ɗaiɗaikun mutane ko ƙungiyoyi ko 'yan kasuwa suka ƙago, ba tare da wata doka ba. A cikinsu akwai Ranar Kankana (3 ga Agusta), da Ranar Bahagwai (13 ga Agusta), da Ranar Ɗigo (15 ga Satumba), da Ranar Kwaikwayon Maganar 'Yan Fashin Teku (19 ga Satumba).

Sanin wannan rabo yana da amfani, domin yana nuna cewa akasarin ranakun ba su da wata alfarma da za ta hana a gusar da su, ko a sāke musu kama, ko a yi watsi da su. Abin da malaman can ke nema a cikinsu shi ne hujjar da za ta sa yaro ya ɗauki alƙalami da son ransa a lokacin da bai gama dawowa daga hutu ba.

3.0 Ma'aunin Zaɓe

A nawa ganin, kafin malami ya shigo da kowace rana aji, ya kamata ya yi wa kansa tambayoyi uku. Wace fasaha ce daga cikin manhaja ranar za ta ƙarfafa: sauraro, ko magana, ko karatu, ko rubutu? Za a iya yin aikin da allo da alli da takarda kawai, a ajin da ke da yara sittin ko fiye, ba tare da an ce iyaye su kawo kuɗi ba? Sa'an nan, me zai rage a hannun yaro bayan an tashi? Ranar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi shagali ce kawai, kuma yara ba su rasa shagali ba a lokacin hutu. Bari mu gwada wasu ranaku a kan wannan ma'auni.

3.1 Ranar Bahagwai

An fara wannan rana a Amurka a 1976, wata ƙungiyar bahagwai ta Ingila kuma ta ƙara yayata ta daga 1992. A ajin Amurka akan sa yara su rubuta sunansu ko su yanka takarda da hannun da ba su saba ba, su ƙidaya bahagwan ajin, su zana jadawali. Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne, saboda haka da wuya a sami ajin da babu su.

Wannan rana ta shafe mu ƙwarai. Cin abinci da miƙa abu da hannun dama ladabi ne da addini da al'ada suka koyar, ba shi ake magana ba. Abin da ake magana shi ne yaron da ake buge wa hannu duk sa'ad da ya ɗauki fensir da hagu, har ya tsani rubutu, a ƙarshe a ce daƙiƙi ne. Malami na iya sa dukan aji su kwafi jimla guda da hannun da ba su saba ba, sa'an nan kowa ya faɗi yadda ya ji. Daga nan sai a jawo hankalinsu ga wani abu da suka sani: boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, don haka hannun bahago yakan bi ta kan abin da ya rubuta ya shafe shi, ajami kuwa daga dama yake zuwa hagu, a nan mai rubutu da dama ne ke fama da ɗanyar tawada. Amfanin darasin ba ya ƙarewa a ranar, domin malami ya gane bahagwan ajinsa tun makon farko, ya zaunar da su a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsu ta riƙa karo da ta maƙwabci, ya kuma nuna musu yadda za su karkata takarda.

3.2 Ranar Ɗigo

Wani malami mai suna Terry Shay ne ya fara ta da ɗalibansa a Jihar Iowa a 2009, bisa wani littafin yara na Peter H. Reynolds da aka buga a 2003, wanda ke ba da labarin yarinyar da ta ce ba ta iya zane ba har malamarta ta sa ta fara da ɗigo guda. A can darasin zane ne da ƙarfafa zuciya. A wurinmu ɗigo yana da wani matsayi na dabam, domin shi ne ke raba baƙaƙe a ajami. Ɗigo ɗaya a ƙasa ya ba da ba, ɗaya a sama ya ba da nun, biyu a sama ta, biyu a ƙasa ya. A rubutun da aka saba da shi a makarantun allo na ƙasar Hausa ma, ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf kuwa guda ɗaya ne a sama.

Daga nan hanya ta buɗe zuwa boko. Kafin a tsai da baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, wasu marubuta sukan sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi don nuna sautin ɓ da ɗ da ƙ, wasu kuma su sa waƙafi a sama. Sai malami ya rubuta kalmomi bibbiyu a allo: kafa da ƙafa, kura da ƙura, baki da baƙi, bari da ɓari, gada da gaɗa. A raba aji gida biyu, kowane gida ya ƙaga jimlar da za ta ba da dariya in an manta ƙugiya, kamar a ce an ga kura ta tashi a bayan mota. Yaron da ya yi dariya a kan wannan kuskure yakan daɗe bai sake yinsa ba.

3.3 Ranar Yaƙi da Jahilci da Ranar Hausa

Ranar 8 ga Satumba takan zo daf da komawa makaranta a Nijeriya, a makarantun firamare na Nijar kuwa, inda ake komawa a Oktoba, tana faɗowa cikin hutu. Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015 ake kuma yi kowace 26 ga Agusta, ita ma cikin hutu take zuwa. Hikima ita ce a haɗa su a yi musu mako guda bayan an dawo. Tun kafin a tafi hutu malami zai ba kowane yaro saƙo: ya tambayo manya karin magana biyar, da kacici-kacici uku, da sunayen kayan noma da irin hatsin da ke gonarsu, kamar gero da maiwa da ƙaura da farfara. Abin da aka kawo shi ne littafin karatun makon farko. Ana rubuta shi a allo, a gyara rubutunsa tare, a rarraba shi iri-iri, a ɗinke shi ya zama ɗan littafin aji.

Ga manyan azuzuwa, nan ne wurin ba da tarihin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da gangamin yaƙi da jahilci na shekarun 1950, lokacin da manya suka zauna koyon baƙi da wasali da yamma. Sa'an nan a tura 'yan aji shida su karanta wa 'yan aji ɗaya tatsuniyar da suka rubuta da hannunsu.

3.4 Ranar da ta Kamata a Bari

Wasu abokai biyu ne a Jihar Oregon suka ƙago Ranar Kwaikwayon Maganar 'Yan Fashin Teku a 1995 don raha. Daɗinta ya dogara ne a kan wata irin murya ta Ingilishi da finafinai suka laƙaba wa 'yan fashin teku, abin da ɗan Hausa bai sani ba. Bugu da ƙari, a ƙasar da fashi da satar mutane suka raba yara da ƙauyukansu, ba daidai ba ne a mai da ɗan fashi abin wasa a aji, domin malami bai san abin da kowane yaro ya gani ba.

Duk da haka akwai ƙwaya a cikin ɓawon, watau wasa da salon magana. Ana iya musanya ranar da ta karin harshe. Yara su tara yadda ake faɗin abu ɗaya a wurare dabam-dabam: zauna da zamna, sauka da sabka, aure da amre ko arme. A nuna musu cewa Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci duk Hausa ce sosai, daidaitacciyar Hausa kuwa yarjejeniya ce ta rubutu. Wajibi ne malami ya tsaya kada abin ya koma ba'a ga baƙon yaro.

4.0 Tsari da Hattara

Rana ɗaya a mako ta isa, kuma darasi ɗaya ko biyu a ranar, ba yini sukutum ba. Ya kamata malami ya shigar da aikin cikin tsarin darasinsa, ya bayyana wa shugaban makaranta fasahar da yake nufi, don kada a ɗauka wasa ake yi. Har ila yau, takardun da yara suka rubuta a waɗannan ranaku su ne jarrabawar farko ta shekara, ko da yake yaran ba su sani ba. Daga cikinsu malami zai gane wanda ya manta ƙugiya, da wanda ba ya raba kalmomi, da wanda hutu ya kwashe wa karatu baki ɗaya, tun da sauran lokacin gyara.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ranakun nishaɗi na Amurka iri uku ne, akasarinsu kuma ƙagaggu ne, malamai suka mai da su matakalar dawo da yara kan karatu. Abin koyi a nan shi ne dabarar, watau a nemo wa darasi dalili daga ranar da ake ciki. Wanda ya kwafo kalandarsu ɗungurungum zai tarar rabinta ba ta da ma'ana a Funtuwa ko Maraɗi. Aikin da ke gaban ɗaliban wannan sashe, musamman masu shirin fita koyarwa, shi ne su zauna su tsara kalandar aji ta Hausa, wadda za ta bi marka da kaka da hunturu, da watannin Musulunci da ke zagayawa, a gwada ta a makarantun da ake zuwa aikin koyarwa, a dawo a gaya mana abin da ya yi da abin da bai yi ba.