Shawara Ga Mata Masu Sana'a

Idan mace mai sana'a ta zo neman shawara wurin Hakimi ko malaminsa, kada a yi gaggawar ce mata ta bar abin da ta iya. A fara tambayarta abin da hannunta ya saba da shi, da kasuwar da take kaiwa, da abin da yake tauye ta.

A dubi Ladi Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a ƙasar Gwari. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya lura da kyan aikinta, har ya tara tukwanenta a gidansa, kuma can ne wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a cikinta. Ta koyi gini da na'ura, amma ba ta yar da zanen ƙadangare da kunama da ta saba yi ba. A 1958 aka nuna tukwanenta a Landan.

Saboda haka ya kyautu malamin Hakimi, in ya fita rangadi, ya rubuta mata masu sana'a na kowane ƙauye da irin aikinsu. Wadda aka ga ƙarin koyo zai amfane ta, sai a zauna da ita da maigidanta a yi magana.