Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta: Darasi Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata

Duk wanda ya tsaya a bakin titin filin jirgin sama a Lugbe bayan sallar asuba, zai ga ma'aikata cincirindo suna jiran mota zuwa Wuse da Garki. Tsadar haya a tsakiyar Abuja ce ta kai yawancinsu can, janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa ya ƙara musu nauyin kuɗin mota. Mai kamfani awa takwas yake lissafawa, alhali ma'aikacinsa da duhu ya fito, da duhu kuma zai koma.

Irin wannan zama ne kan haifar da gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya maganinta. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da cewa matsala ce mai tasowa daga matsin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma kawo alamominta uku, wato ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo.

Alama ta biyu ita ta fi ruɗa 'yan kasuwarmu. Mai jiran kanti da aka sani da fara'a sai ya koma yi wa masu saye tsawa, akawun da ba a taɓa kama shi da kuskure ba ya dinga shirme ba tare da ya damu ba. Maigida ya ɗauka lalaci ne, ya zaftare albashi, al'amari ya ƙara dagulewa. A ganina, kafin a yanke hukunci ya kamata a buɗe rajistar zuwa aiki, a duba yaushe rabon wannan bawan Allah da hutu.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadar wa ma'aikacin da ta shafa hutun awa guda in aikinsa ya kai awa 6, da yini ɗaya cikin kowane bakwai, da aƙalla kwana 6 da cikakken albashi bayan wata 12. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Bugu da ƙari, binciken da hukumar lafiyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari.

Gyaran bai kai tsadar horar da sabon akawu ba. A sassauta lokacin buɗewa ga masu tahowa daga nesa, aikin Asabar a yi karɓa-karɓa, maƙwabtan kantuna su haɗa kuɗin motar ma'aikata, sannan maigida ya daina buga musu waya bayan isha'i.