Nono Da Kindirmo: Amfaninsu Da Haɗarinsu

Kowace safiya matan Fulani suna shigowa Katsina da ƙwaryar nono a ka, suna bin gidajen GRA da bakin ofisoshi. Ya kamata mai saye da mai sayarwa su san abin da ke cikin ƙwaryar nan.

Abin da ke sa madara ta yi tsami waɗansu ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ke cinye zaƙin madara, su mai da shi tsami, har ta kama. A 1907 wani masani mutumin Rasha, Metchnikoff, da ke aiki a Faris, ya rubuta cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna gyara hanjin mutum. Yau an san waɗansunsu suna rage zawo, kuma wanda madara ke kumbura wa ciki yakan iya shan kindirmo lafiya.

To, amma fa ba kowace ƙwaya ce ta kirki ba. Saniya mai bakkale, watau wadda ke yawan ɓari, tana zubo ƙwayar cutar a madararta. Wanda ya sha yakan kamu da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin sauro a banza. Tarin fuka na shanu ma ta nan yake shiga mutane. Tsami kaɗai ba ya kashe su duka, sai wuta.

Ko ƙwayoyin kirkin ma suna iya shiga jinin wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini da aka ba irinsu ya rasu. Saboda haka kada a ba jariri ko majinyaci na kanti sai da izinin likita.

Ga yadda za a yi. A tace madara, a tafasa ta, a bari ta huce ta koma ɗumi. A zuba cokali guda na kindirmon jiya mai kyau, a rufe a wankakkiyar ƙwarya ta kwana. Kada a ƙara ruwan da ba a tafasa ba. Saniyar da ta yi ɓari a ware ta, a kira malamin dabbobi. Mai saye kuwa ya tambaya, "An dafa?" Rigakafi ya fi magani.